Tsingaron da na wanke

Litinin, 6 ga Oktoba
Dokta, mai duba aikina, ya ba ni ledojin tsingaron da muka tono a kufai lokacin hutu. A kansu zan rubuta kundin digirina na biyu, in gano abin da mutanen wurin suke dafawa. Ya ce in shirya su kafin ya dawo daga tafiya. 'Yan ajinmu sa'o'in 'yata ne, Mama suke ce mini. Ban hana su ba.

Laraba, 8 ga Oktoba
Ni kaɗai a ɗakin gwaji. Ina kwance leda warin tsohuwar toka ya buge ni, sai ga ni a bayan ɗakin Inna, na dawo daga makarantar allo da tawada a yatsu, tukwane na jirana. Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta barin tukunya ta kwana da datti. Takan shafa yatsa a ciki ta ɗaga shi a haske. In ta ga baƙi ba ta faɗa, da ƙafa za ta turo miki abarki.

Na samo roba da buroshi. Haka muke yi a digirin farko, shekarun baya, a wanke a shanya. Ina wanki ina tilawa ƙasa-ƙasa har la'asar. Rabon da in ji daɗin aiki haka har na manta.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Na gama rabi. Tas.

Litinin, 13 ga Oktoba
Dokta ya dawo. Ya tsaya a gaban teburin shanya yana jujjuya tsingaron ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, "Mama, ina ƙanzon?"

Na ce na kankare.

Ashe wannan baƙin da ya manne a ciki shi ne aikin gaba ɗaya. Shi na'ura za ta gwada ta faɗi ko hatsi ne ko nama ko madara. Ya shekara ɗaruruwa a ƙasa lafiya lau, ni na tura shi rariya. Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce rabin da ya rage ƙila ya isa, ƙila ba zai isa ba.

Dogo, ɗan ajinmu, ya ce Mama ta yi wa mutanen zamanin da wanke-wanke, lada na nan. Na taya su dariya. A banɗaki na ƙarasa.

Talata, 14 ga Oktoba
Ban je ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba
Na gaya wa baban yara zan ajiye karatun, boko da furfura ba su haɗu ba. Ya ce shi bai yi mamaki ba, matar da ke ɗauke kofin shayi tun bai gama sha ba. Ya ce dai in bari zuciyata ta huce tukun.

Tunanin matar da ta bar tukunyarta da ƙanzo a kufan nan ya hana ni sakat. Ko kiranta aka yi, ko ɗa ne ya yi kuka, ko ƙyuya ce kawai. Da Inna ce da ta turo mata da ƙafa. Amma ga shi ita ake iya sanin girkinta. Tukwanen Inna kuwa, ko an tono su, ba mai gane abin da ta ciyar da mu. Ni ce kawai na sani, ni ma ɗanɗanon ya fara ɓace mini.

Litinin, 20 ga Oktoba
Na je ne in mayar da makullin ɗakin gwaji, ba wani abu ba. Dokta bai tambaye ni inda na shiga ba, safar hannu ya miƙo mini da 'yar wuƙa. Ya nuna mini yadda ake ɗebo ƙanzon kaɗan-kaɗan a naɗe. Hannuna na ta ƙaiƙayin buroshi. Na daure.

Wajen azahar 'yata ta kira a tsorace.

"Umma, lafiya? Kin bar tukunya a kan murhu ba ki wanke ba."

Na ce ta bar ta, ba inda za ta. Makullin dai na manta shi a jakata. Gobe.