Tikitin Abijan da buhu goma sha bakwai a zaurena

Zuwa ga Maigirma Daraktan bankin da nake ajiya a cikinsa, reshen Madawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da ma'aikata, har da mai gadin ƙofa wanda ya riga ya haddace fuskata. Ni ne Isuhu mai albasa na garin Tama, cikin yankin Buza. Na rubuto a fili ne saboda sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini kana taro, kuma abin da ke damuna ba zai jira taro ba, don ya fara wari.

Na ɗaya. Shekara uku ke nan da ma'aikatanku suka lallashe ni na karɓi katin da kuke kira na zinariya. Suka ce duk abin da na saya da shi za a rubuta mini maki. Na tambaya mene ne maki, aka ce kyauta ce ta mai yawan ciniki. Na ce to, gyara ke nan. Da katin na sayi taki, da injin ban ruwa, da buhunan zuba albasa. A kasuwarmu, ranka ya daɗe, wanda ya sayi albasa, albasa ake ƙara masa, nan take, cikin kwanonsa. Ban taɓa ce wa mai ciniki gyararsa tana wata ƙasa, ya je ya ɗauko ba.

Na biyu. Farkon watan jiya rubutu ya shigo wayata daga gare ku da Faransanci. Ba na jin Faransanci, sai na miƙa wa Metur Abdu, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, a ƙofar masallaci bayan la'asar. Nan ne kuskurena, na yarda. Metur Abdu bai iya karatu a zuci ba, yadda yake karanta wa aji haka ya karanta wa gari. Wai makina ya kai tikitin jirgin sama zuwa Abijan, zuwa da dawowa, da kwana uku a otel mai kallon teku.

Wataƙila kai baƙo ne a nan ƙasarmu ta Adar, bari in faɗa maka. Da wuya ka samu gida a Tama da ba shi da ɗa a Abijan. Kuma a nan mai tafiya ba ya ƙin saƙo. Wanda ya ƙi saƙo, ranar suna a gidansa shi kaɗai zai ci tuwonsa. Kafin Juma'a zaurena ya cika: gero, cuku, kilishi, busasshen zogale, da daddawar batso wadda yanzu ta hana baƙi zama. Wani ya kawo turmi, wai matarsa ta ce turmin can ba ya yin fura. Surukina ya kawo zabi biyu masu rai. Surukina ne, na sa hannu biyu na karɓa, har da godiya. Buhu goma sha bakwai ke nan, ban da turmi da zabi, kuma ni nake ciyar da zabin.

Na uku. Na zo Madawa, wata madam da ke gishe, tagar biyan kuɗi ta bankinku, ta ce jirgi akwati ɗaya yake ɗaukar wa mutum, kilo ashirin da uku. Turmin kaɗai ya wuce haka. Da na tambaye ta maganar zabi, sai ta kira abokiyar aikinta ta ce in sake faɗa. Na sake faɗa, ban ji kunya ba. Sannan na ce a mayar mini da makin kuɗi. Ta ce in aka mayar da shi kuɗi rabin darajar tikitin kawai zai kai, kuma sai da sa hannunka. Na ce na yarda da rabin. Ta ce asara zan yi, otel ɗin har da tafkin wanka. Ranka ya daɗe, ruwa kullum ina cikinsa a garka, kuma lokacin dashen albasa ne. Ba zan bar dashe in tafi in zauna da gajeren wando ina kallon teku ba.

Na huɗu, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wata tsohuwa a unguwarmu, Inna Haɗiza, idonta ya yi rauni. Ɗanta Sahabi shekara bakwai yana Abijan bai leƙo gida ba. Ita ba ta kawo buhu ba, ƙulli ɗaya ta kawo, gumbar da ta daka da hannunta da hula guda. Ta riƙe mini hannu ta ce: “Ɗana Isuhu, tunda Allah ya ba ka jirgi, ka tai ma Sahabi da wanga. Ka hwaɗa mishi ina nan da raina.” Tun ranar, kowace safiya sai ta dogaro sanda ta zo ta tambaye ni ranar tafiya. Na gaji da yi wa tsohuwa ƙarya, kuma wallahi abin yana ci mini rai. Ƙullinta zai shiga akwati, na sani. Amma in na ɗauki nata na bar zabin surukina da buhunan gida goma sha bakwai, gara in zauna Abijan ɗin gaba ɗaya.

Na samu mafita. Direba Mamman, mai kamyon, babbar motar da ke kai albasa Abijan, zai tashi ranar Asabar mai zuwa. Ya yarda ya kwashe kayan duka ya kai wa masu su, zabin kuma su zauna gaba kusa da shi. Abin da ya nema bai wuce rabin nan da madam take raina mini ba. Da ina da shi a hannu da ban dame ka ba, amma kuɗina duk suna cikin ƙasa, sai albasa ta nuna.

Saboda haka ina roƙo. Ka sa hannu kafin Asabar a mayar mini da gyarata kuɗi. Kuma daga yau in za ku yi mini albishir, ku kira ni da Hausa, kada abin ya sake bi ta bakin Metur Abdu.

In kuma dokar banki ba ta yarda ba, madam ta ce ana iya sa tikitin da sunan wani. To na sa shi da sunanka, halak malak. Ka san dai al'adarmu game da mai tafiya. Ranar Asabar da hantsi zan sauke buhunan da turmin da zabin a ƙofar ofishinka, kuma zan zo da Inna Haɗiza ta riƙe hannunka ta faɗa maka saƙonta da bakinta. Ni na kasa ce mata a'a, sai mu ga ko kai za ka iya. Zabin sau biyu suke ci a rana.

Allah ya ƙara maka girma, ya rage maka taro, ya sa alƙalaminka kusa da hannunka.

Wassalam.
Naka, Isuhu mai albasa, Tama.