Ganyen Rogo a Kan Farin Yadi

Litinin, 3 ga Yuli

Ambar ce ta ja min wannan. Ƙanwata, wai don ta yi jami'a, ta sa sunana a horon masu sana'ar hannu ba tare da ta tambaye ni ba. Yau na sauke kaki daga wuta, na hau babur daga garinmu Bantul har cikin birnin Yogya, na zauna a ɗaki mai sanyi ina sauraron wata malama, Bu Kinasih, tana koya mana yadda ake "ci gaba". Ni da na fara batik, zanen da ake yi wa yadi da narkakken kaki kafin a rina, tun ban iya ɗaura zani ba. Wai kafin ka gyara shago sai ka fara gyara halinka. Kowa sai rubutawa yake kamar wahayi ake saukarwa. Ni hannunta na tsaya kallo. Farata zaƙo-zaƙo, an shafa musu ja. Wannan hannun bai taɓa sanin zafin kaki ba.

Laraba, 5 ga Yuli

Maigidana, Mas Prapto, ya ce in yi haƙuri in gama, tunda an riga an yi rajista. Miji ke nan. Shi da shinkafarsa ta dahu, duniya lafiya.

Litinin, 10 ga Yuli

Bu Kinasih ta zo wurin aikina. Kowa a ajin sai ta ziyarce shi, yau ni ce.

Na share tsakar gida, na soya ayaba, na baje zannuwan da na fi ji da su. Ta yaba, ban hana ta wannan ba. Sai kuma ta bar ni tsaye, ta ja kujera ta zauna kusa da ma'aikatana, Mbak Tini, wato Yaya Tini, da Yuni. Ta tambayi Mbak Tini tun yaushe take nan. Ta ce tun mahaifiyata na da rai. Bu Kinasih ta ce to wanne ne zanenta a cikin waɗannan? Mbak Tini ta yi murmushi, kanta a ƙasa, ta ce su dai cikewa suke yi, ni ce ke fitar da zane, ni da take kira Dik Ratri, wato ƙanwa Ratri.

To ƙarya ta yi? Haka ake yi. Haka mahaifiyata ta yi. Sunana ne a jikin kowane yadi, in an samu aibi ni za a zaga.

Da za ta tafi, a bakin ƙofa, ta ce min: "Bu Ratri, kina da hannu shida a gidan nan, amma biyu kawai kika yarda da su." Ta ba ni aikin gida kamar 'yar firamare, wai in bar wani ya yi zane ɗaya daga farko har ƙarshe, kada in taɓa.

Ayabata ma guda biyu ta ci. Ta ce tana rage mai.

Alhamis, 13 ga Yuli

Ba zan yi ba.

Asabar, 15 ga Yuli

Na ba Mbak Tini farin yadi. Don in rufe bakin matar can ne kawai, kada ranar Litinin ta kira sunana a gaban mutane. Na ce ta zana abin da ta ga dama. Ta riƙe yadin ta daɗe tana kallona, har na ce ko in karɓi abina ne. Sai ta rungume shi a ƙirji.

Alhamis, 20 ga Yuli

Ganyen rogo! Duk zanukan da muka gada, na fada da na biki, matar nan ta rasa abin zanawa sai ganyen rogon bayan gidansu. Manya-manya, wasu ma tsutsa ta ci gefensu, har hujin ta zana. Ta bar fili fari fetal a tsakani, ba ɗigo, ba komai. Yuni sai cewa take kai, ya yi kyau. Me Yuni ta sani.

Na wuce ta gabansa yau ya fi a ƙirga. Filin nan yana ci min rai kamar haƙorin da ya fita.

Juma'a, 21 ga Yuli

Bari in rubuta yadda abin ya faru, don na san za a juya maganar.

Mbak Tini ta shiga yin azahar. Kakin na kan wuta, canting ɗinta, ɗan alƙalamin kakin, yana ajiye a gefen kasko. Ɗige-ɗige kawai na yi a filin nan, ƙanana, irin waɗanda nake yi wa kowane zane. Na kuma miƙar da ganye ɗaya da ya karkace. Gyara ne. Duk mai ido zai ce ya fi kyau.

Ta fito, fuskarta da sauran danshin alwala, ta tsaya a kan yadin. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Dik Ratri, ni na goya ki a ɗakin nan. Yadi ɗaya kika ba ni, shi ma ba ki iya bar min ba."

Na ce taimaka mata na yi. Ta ce ta gode. Ta wanke canting ɗinta, ta naɗe shi a tsumma, ta sa a jaka. Ta yi wa Yuni sallama. Ni kuma ta ce min in yafe mata abin da ta yi min a tsawon zamanmu, irin sallamar da ake yi in ba za a dawo ba.

A kan ɗigo. A kan ɗigo mutum zai bar wurin da ya tsufa.

Litinin, 24 ga Yuli

Na tare Bu Kinasih bayan an tashi. Na ce ga abin da shawararta ta haifar, ta shigo gidana ta hure wa ma'aikaciyata kunne, yanzu ga baje kolin Agusta ya matso, ni da Yuni kaɗai. Ta saurare ni har na gaji. Sannan ta ce ta ji ba daɗi, amma ita ba ta taɓa yadin Mbak Tini ba.

Da ba don mutane ba.

Lahadi, 30 ga Yuli

Bayana kamar zai tsinke. Rinin baba ya ƙi kamawa, sai yanzu na lura Mbak Tini ce take motsa tukunyar kullum da safe kafin in fito. Ba wanda ya taɓa gaya min.

Mas Prapto ya ce in je in ba ta haƙuri. Na ce shi ya je, tunda shi ya yi laifin. Ya ce ai shi bai yi ɗigo ba. Yau da soyayyen tempe, 'yar wainar waken soya, kawai ya ci shinkafarsa.

Asabar, 12 ga Agusta

Baje koli. Mbak Tini tana can, a ƙarshen layi kusa da masu sayar da kwando, da ɗan teburin aro da yadi huɗu. Duk ganye. Na rogo, na gwanda, ɗaya ban ma gane ba. Mutane sun yi mata cincirindo kamar ana rabon abinci. Na ji wata 'yar gayu tana cewa filin da aka bari shi ne kyan abin.

Ni ma na yi ciniki, ba laifi. Ambar ta je ta gaishe ta, ta dawo da yadi a leda tana ɓoyewa a bayanta. Jinina ke nan.

Ban je ba. Daga inda nake ana gani sarai.

Alhamis, 17 ga Agusta

Ranar 'yanci, unguwa ta cika da tutoci da ihun masu wasa. Na rufe ƙofa na ciro yadin nan da Mbak Tini ta bari. Na shimfiɗa shi a ƙasa, na yi ta kallo. Ban ce ɗigon ya ɓata shi ba. Na dai ninke na mayar.

Talata, 22 ga Agusta

Wata mata ta zo daga Jakarta, za ta aurar da 'yarta, tana son yaduka na dangi duka. Ta nuna min hoto a waya. Ganyen rogo. Wai an ce mata daga gidan nan mai zanen ta fito. Zan iya yi mata, a sati biyu ma, kuma ba za ta taɓa gane bambanci ba.

Na ce ba aikina ba ne. Na fara yi mata kwatancen gidan Mbak Tini, na ga ba za ta gane lungun ba, sai na ɗauke ta a babur. Don kada ta ɓata ne kawai.

Mbak Tini ta yi mana shimfiɗa a baranda, ta kawo shayi. Da suka gama magana da baƙuwar, ta ɗauko wani sabon yadi da ba ta gama ba, ta baje a cinyata, ta ce, "Duba min, Dik."

Akwai wurin da kaki ya zuba a gefen hagu, kamar ƙwayar wake. Idona a kansa ya fara sauka. Ita ma ta ga na gani. Na tura hannayena ƙarƙashin cinya na danne.

Na ce mata shayin ya yi zaƙi da yawa. Ta ce haka take sonsa. Na shanye.