Ranar da Inna Ta Zo da Ƙafarta

Litinin, 3 ga Maris
Na gama aikin da Likita ya sa ni a rumbun bayanan asibiti. Tiriga muke ce masa, ɗan umarni ne mai tashi da kansa. Duk wanda ya taɓa bayanan mara lafiya, ko ɗigo ya gyara, gurbin "taɓawar ƙarshe" zai goge tsohuwar rana ya sa ta yau. Likita ya ce, "Yauwa, yanzu ba mai yi mana kwana-kwana." Kaina ya ɗan kumbura, ba ƙarya.

Alhamis, 6 ga Maris
Baba ya miƙo mini wayar Inna, wadda ba ta barin aljihunsa tun rasuwarta. Saƙon asibitinmu ne, ana tuna mata ranar ganin likita. Ya ce, "Ba kai ne mai na'urar ba? Ka faɗa musu ta tafi." Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.

Juma'a, 7 ga Maris
Na buɗe layinta a rumbun bayanan. Taɓawar ƙarshe: 9 ga Disamba. Ranar da ta zo da ƙafarta, ta tsaya a ƙofar ofishina tana yi mini tsiya, wai zaman kujera ya sa na ajiye tumbi. In na rubuta "ta rasu", abin da na haɗa da hannuna zai cinye ranar. Na rufe.

Talata, 11 ga Maris
Wani saƙon ya shigo. Yaya ta kira, wai Baba ko abinci bai taɓa ba. "Haba ƙanena, danna abu ɗaya ne fa." Na ce aiki ya yi yawa.

Laraba, 12 ga Maris
Zan iya kashe tirigan, in gyara, in sake kunnawa. Ba wanda zai sani. Amma layin zai riƙa cewa ba abin da ya same ta tun Disamba. Ƙarya a kan Inna, kuma da hannuna? Ina kewarta, wallahi.

Alhamis, 13 ga Maris
Na rubuta. Ban kashe komai ba. Ranar ta koma ta yau kafin in ɗauke yatsa.

Da na koma gida na gaya wa Baba saƙon ba zai sake zuwa ba. Ya ce, "To. Yanzu kenan ba mai nemanta."

Na jawo kwanon abinci tsakaninmu, na wanke hannu. Ya ci kaɗan. Ni har na ƙara, ban san dalili ba.