Takabar Konseye Rabi

Zuwa ga yayana Malam Isufu, manomin zogale na Jiratawa, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wa, da fatan kabari ya yi maka faɗi, ni ƙanenka, shahararren marubucin da ba a gayyata ko'ina sai suna da jana'iza, ina da ƙorafi a kanka, kuma a gaban jama'a zan shigar da shi. Ka aikata babban rashin tsari. Ka mutu ana tsakiyar zaman majalisar gari, ba tare da ka nemi izinin shugaban majalisa ba.

Ka san ka bar matarka Rabi, konseye, wato zaɓaɓɓiyar ƴar majalisar gari, da marayu. Abin da ba ka sani ba, ka bar ta da wata dokar cikin gida ta majalisar, wadda ta ce duk konseyen da ya yawaita fashin zama babu uzuri, a ba wani kujerarsa. Manyan da suka tsara ta sun zurfafa tunani ƙwarai. Sun tuna da aikin hajji, sun tuna da jinya, har tafiyar fatauci sun sama mata gurbi. Takaba kaɗai suka manta, domin babu ɗayansu da ya taɓa yin ta.

Ina tuna yadda kake ɗauko ta a moto, babur ɗin nan naka, daga Jiratawa zuwa Maraɗi, ka ajiye ta ƙofar majalisa, ka zauna gindin dogon yaro da jariri a cinya. Ƴan kabu-kabu suna yi maka tsiya, suna kiranka mijin konseye. Kai kuwa ka ce, "Ku da ba a zaɓi matanku ba, sai haƙuri."

Ranar sadakar uku ƴan majalisar duk sun zo, cikin manyan riguna. Sun cika tabarmi, sun ci tuwonka. Shugaba ya yi addu'a mai tsawo har muryarsa ta yi rawa, ya ce Rabi ƴarsu ce. A zama na gaba aka kira sunan ƴar tasu, aka shaida ba ta zo ba, kuma babu uzuri.

Ta aike ni in roƙa a bari ta riƙa aiko da ra'ayinta ta bakin Malama Zainabu ta Tsibiri, ɗaya macen da ke majalisar. Aka ce doka ba ta san wannan ba. Ta sa aka tambayi liman. Ya ce mai takaba tana iya fita da rana don lalura, muddin za ta kwana ɗakinta. Lalurar kuwa ka san ta: famfon gonakin mata, waɗanda ruwa ba ya isa gare su sai kowa ya ƙoshi.

Ni na raka ta majalisa. Babu kwalli, babu kitso, mayafinta har ƙasa. Tana shiga zauren ya yi tsit. Na kusa da ita ya ja kujerarsa gefe. Ta ɗaga hannu, ta daɗe da shi a sama, idanun shugabanni suka kamu da ciwon da ba ya ganin hannun mace. Sai wani dattijo, cikin waɗanda suka fi nacin a hukunta fashinta, ya miƙe ya ce son kujera ya hana ta bari ƙasar kabarinka ta bushe. Maganar ta riga mu isa gida. Mun tarar da Inna tana kuka a zaure, tana cewa an wulakanta ɗanta. Rabi ba ta sake fita ba.

An ba da kujerar ga wanda ke bayanta a takara, wani Alhaji mai sayar da fetur. Maganar famfo ta bi ruwa. Malama Zainabu ta kawo shawarar a sa takaba da jego cikin uzuri. An karɓa da girmamawa, an sa ta a ƙarshen ajanda, inda kullum kiran la'asar yake riskar ta.

Yaya, raha ta ƙare mini a nan. Rabi ta fita takaba makon jiya. Ta rame. Na yi ta lalaben abin da zan ba ta dariya kamar da, ban samu ba. Ita ce ta yi magana, a hankali, tana tsefe kan autarku. Ta ce da ita ta riga ka, da bayan uku ka koma bakin aikinka, kowa yana ce maka sannu da ƙoƙari. Ba laifinka take gani ba. Kewarka take yi, kuma a ranar da ta fi bukatar mai tsaya mata, mutuwarka aka ɗauka aka doke ta da ita.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya raya abin da ka bari. Allah ya ba Rabi haƙuri da ƙarfin sake tsayawa. Shi kuma mijin Malama Zainabu, Allah ya ja kwanansa, ya tsare shi daga zazzaɓi da haɗarin hanya, aƙalla har a gyara dokar nan. Amin.

Ƙanenka mai kewarka,
Sanusi, daga Maraɗi.