Abokin Dogo

Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Baba? Ki tuna masa ya daina tsallake maganin safe. Ni ma lafiya ƙalau. Aikin ɗakin gwajin jini ya fara bin jikina. Shugabarmu ta daina tsayawa a bayana in ina ɗibar jini, ko da yake har yanzu sai na sake karanta lambar kowace kwalba kafin in ajiye.

Maganar Dogo ce ta sa na ɗauki biro, shi da kike tsokanata kina kira angon Auta. Ran nan ya zo ɗaukata daga aiki, muka tsaya a bakin ƙofar asibiti, inda masu babur ke jiran fasinja. Ya ce wani abokinsa yana cikin damuwa, tunda ni ce mai digiri in taimaka. Wai abokin ya keɓe da wata mace. Ba su kai ga saduwa ba, amma an yi sumba da shafe-shafe, daga baya kuma ya ji ana raɗe-raɗin tana da ƙanjamau. Shin ya ɗauka?

Na amsa kamar ina gaban mai jarrabawa. Na ce ba a ɗaukar ƙwayar ta yawu. Ba a ɗauka ta sumba, sai a yanayi mai wuyar faruwa, in su biyun duka suna da rauni mai jini a baki. Taɓa jiki da hannu, in fatar lafiyayya ce, babu haɗari. Sai ya yi ƙasa da murya, ya ce to in baki ya kai inda bai kamata ba fa? Na ce haɗarin wannan ƙanƙani ne ƙwarai, amma ba zan rantse cewa babu ba. Abokin ya jira mako shida ya yi gwaji, hankalinsa ya kwanta.

Yaya, da kin ga fuskarsa. Kafaɗunsa suka saki, ya jingina da bango har ya ɓata farar rigarsa bai sani ba. Kullum ina ganin mutane suna karɓar sakamako. Na san fuskar ɗan rakiya, na san ta mai jinin. Ba a yi wa aboki irin wannan ajiyar zuciya.

Kin kuwa san ni da Dogo ko hannu ba ma riƙewa sai in za mu tsallaka titi. Shi ya ce mu jira aure, ni kuma na yi ta alfahari da shi.

Kada ki faɗa wa Baba komai tukuna. Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, da fatan zazzaɓin ƙaraminki ya sauka. Na samu amsarki. Kin ce in bar zargi, wataƙila da gaske akwai abokin. Na gwada. Abokan Dogo duka na san su, na bi su ɗaya bayan ɗaya a raina, babu wanda zai aiko shi da irin wannan tambaya maimakon ya duba wayarsa.

Kunya nake ji, amma yanzu bakin mata nake kallo. A mota, a layin karɓar magani, ko'ina. Na je shagonsa na gyaran waya, na ce tawa ba ta caji, alhali lafiyarta lau. Akwai wata mai sayar da rigunan waya a shagon da ke manne da nasa, mai wushirya. Ta leƙo ta ce masa, Dogon banza, ina sukudirebana? Ya yi dariya har da buga tebur. Ni ban taɓa kiransa ɗan banza ba, bai kuma taɓa yi mini wannan dariyar ba. Na tsaya ina duban dasashinta ko yana jini, kamar an turo ni bincike. Ba ni da hujja a kanta ko ɗaya, kuma ko da tana da cutar, ba ita ta yi mini alkawari ba. Duk na san wannan. Sanin bai hana ni tsanar turarenta ba.

Wani lokaci nakan ce da na tsorata shi, in ce masa abokin ya gama yawo, in ga yadda zai zube a gabana. Bakina ne ba zai iya ba. Na sha wuya kafin in koyi gaskiyar abin nan, ba zan karkata ta don fushi ba. Abin da ke cina shi ne rabon da ya yi: ita ya kai wa marmarinsa, ni ya kawo mini tsoronsa.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Auta

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku baki ɗaya. Zan taƙaita.

Dogo ya yi gwaji a wani asibiti, ba ya ɗauke da komai. Na gode wa Allah, kuma har zuciyata. Shi ya zo ya faɗa mini a ƙofar ɗakina, yana murmushi, ya manta ma da batun aboki sai da ya ga yadda nake kallonsa. Na tambaye shi wace ce. Ya ce sunan ba shi da amfani, abu ya wuce. Na sake tambaya. Sai ya ce, haba likitata, ai ke da bakinki kika ce ba komai ba ne.

Yaya, kin san ba na mance abin da na faɗa. Na ce da wuya ya kawo cuta. Ban taɓa cewa ba komai ba ne. Na faɗa masa haka, na kuma ce ya tafi, ya tsaya yana jiran in yi dariya.

Yanzu ki faɗa wa Baba ya dakatar da zuwan iyayen Dogo. In ya tambayi dalili, ki ce yaron lafiyarsa ƙalau, kada wani ya ɗora masa cutar da ba shi da ita. Ni ce na fasa.

Ki gaida maigidanki da yara.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta