Haske Bai Bin Dokar Jifa

Bordo, Faransa
Janairu 1956

Yaya Lawali,

Gaisuwa mai yawa. Ina Inna da ciwon ƙafarta? Ina su Dije da mutanen Madarunfa? Ni lafiya lau nike. Sanyi ne dai, da takalmi nike kwana, amma kada Inna ta ji.

Na faɗi jarabawa, kuma kai ka ja mini. Ka tuna muna korar tsuntsaye a gonar bakin tabki, ka ce in rugo da gudu kafin in yi jifa, dutsen ya fi sauri? To, malaminmu ya tambaya: mutum na cikin jirgi mai gudun tsiya ya kunna fitila, haskenta zai ƙara sauri? Na ce ƙwarai. Ashe a'a. Ko kana tsaye, ko kana bin shi a guje, saurinsa ɗaya za ka gani.

Ka ce in dawo noman bana. Yi haƙuri, Yaya, ba ni zuwa sai na gane abin nan. A aiko mini da yaji da kuka. Allah ya ba ku damina mai albarka.

Kai da kanka ka hana ni barin gona in da sauran tsuntsu ciki.

Ƙanenka,
Illo