Motar Baba Ta Ƙi Shan Gas

Siavonga,
6 ga Oktoba.

Zuwa ga Yayata Luyando,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Matata Mutinta tana gaishe ki.

Baba da sauƙi, amma likita ya ce a kai shi Lusaka ranar sha tara ga wata a duba zuciyar, ya kuma ja mini kunne kada a ɗauko shi cikin zafi. Kin san Oktoban garin nan, ƙarfe tara na safe ba ki iya dafa bonet ɗin mota. Kin kuma san Baba, ya ce ba zai shiga motar kowa ba sai tsohuwar a-kori-kurarsa. Ita kuwa esinta, na'urar sanyaya iska, ya mutu tun bara.

Na gano inda gas ɗin esin ya zurare, wani tiyo ne ya tsage, na canza shi. Na sayo gwangwanin gas zan ɗura, ya ƙi shiga. Na tsoma shi a ruwan ɗumi, na sake wani gwangwanin, nauyinsa bai ragu ko kaɗan ba. Kwana uku ina abu ɗaya. Jiya Baba yana zaune gindin mangwaro yana kallona, sai ya ce, "Bar ta haka, Milimo, kada ka ƙarasa ta. Na sa an kira Choolwe."

Kada in ƙarasa ta, Yaya. Shekara goma sha bakwai hannuna ne ke riƙe da motar nan. Sau biyu na sauke injinta. Ni nake kai Baba asibiti, ni nake tsince masa ƙaya a kifi. Ƙanin namu Choolwe kuwa shekara huɗu rabonsa da gida, sai dai hotonsa da hular kwano a gaban manyan motocin ma'adinai na Solwezi. Hoton yana cikin Littafi Mai Tsarki na Baba, duk baƙon da ya zo sai an nuna masa. "Injiniya ne," in ji Baba. Ni kuwa in an tambaya, sai ya ce, "Wannan yana taɓa gyare-gyare."

Ban iya faɗa miki wannan a waya ba, shi ya sa na rubuto. Ki gaida yaran.

Ƙaninki,
Milimo.

Siavonga,
15 ga Oktoba.

Yaya Luyando,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kowa lafiya. Saƙonki ya iso, kin ce in yi haƙuri. Da kin san abin da na yi, da ba haƙuri za ki ba ni ba.

Choolwe ya zo ran Lahadi. Baba ya sa aka yanka akuya, mutumin da likita ya hana nama. Abin haushin, yaron bai zo da girman kai ba. Ya rungume ni, ya ce, "Yaya, furfura har ta kai gemu? Mutinta ba ta ba ka tuwon nshima ne?" Da ya yi mini rashin kunya da na ji sauƙi.

Washegari ya buɗe jakarsa, agogunan awo biyu, ja da shuɗi, suna ƙyalli. Maƙwabta suka taru. Ya ce in gas ya ƙare akwai wani makunni da ke hana kwamfuresa, injin da ke tura gas ɗin, juyawa, sai an haɗa shi da guntun waya. Na san wannan, na gwada tun ranar farko. Amma da ya haɗa kwamfuresa ta ɗauka, Baba ya tafa kamar an ta da matacce. Gas dai bai shiga ba. Yaya, na ji daɗi. Na shiga ɗaki don kada a gani a fuskata.

Ran Talata da safe ina wanke hannu sai abin ya faɗo mini. Motar nan an ƙera ta ne don gas irin na da. Lokacin da aka daina sayar da shi, ni da kaina na ɗaura sabon baki a kan tsohon bakin ɗuri. Tsohon bawul ɗin, ƙofar da gas ke bi, yana nan a ƙasa, da ɗan tsinkensa. Na je na kwance sabon bakin kafin kowa ya fito, na danna tsinken, ya ƙi motsi, tsatsa ta cinye shi. Ƙofa ce a rufe, muna ta bugun ta waje. Choolwe ba zai taɓa sani ba, motocinsu duk sababbi ne.

Na mayar da bakin yadda yake, na yi shiru.

Kwana biyu ina kallonsa yana zufa. Ya zargi bututu, ya zargi kwamfuresa, har ya fara kwance ta. Yana ce mini, "Yaya, me ka gani?" Ina ce masa, "Ai ku ne injiniyoyi." Baba kuma ya ƙi shiga ɗaki, wai yana son ganin aikin ɗansa. Jiya da azahar muka ji ƙarar kujera. Baba ya zame ƙasa, leɓensa ya yi fari. Muka kwashe shi, Mutinta ta yi ta shafa masa ruwa har ya buɗe ido.

Ya farfaɗo, kada hankalinki ya tashi, yau har ya sha kunu. Amma ni na ajiye shi cikin zafin ranar nan kwana biyu. Mutinta kaɗai na gaya wa. Ba ta yi faɗa ba, ta dai dube ni ta ce, "Shekararka arba'in da shida." Tun jiya ba ta ƙara ce mini komai ba.

Ki yi mini addu'a.

Ƙaninki,
Milimo.

Siavonga,
23 ga Oktoba.

Yayata Luyando,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyalinki, ina sanar da ke mun je Lusaka mun dawo lafiya. An canza wa Baba magani, za a sake ganinsa a Janairu.

Washegarin wasiƙata ta baya na kira Choolwe bakin mota, na kwance bakin, na nuna masa tsinken. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaushe ka gani?" Na ce tun Talata. Na zaci zai zage ni. Sai ya ɗauki sufana ya fara mayar da kwamfuresar da ya kwance. Muka canza bawul, ya zuƙe iskar da ke cikin bututun da famfonsa, na ɗora gwangwani. Ina riƙe da shi na ji ya yi sanyi a tafina, yana ta sauƙi.

Choolwe ya je ya ce wa Baba, "Yaya ne ya gano matsalar." Baba ya ce, "Ka ji yaron kirki, ba ya son yabo." Har yanzu labarin da unguwa ta sani ke nan.

Ranar tafiya ni na tuƙa, Baba a tsakiya, sanyi yana busa mu. A hawan dutsen nan mai kwana-kwana jiri ya kama Baba, ya fara amai. Na tsaya. Choolwe ya tallabe shi yana goge masa baki da rigarsa mai kyau. Baba ya ture hannunsa, idonsa a rufe, yana cewa, "Ina Milimo? Ku kira mini Milimo." Na zagayo na riƙe masa goshi yadda na saba, ya lafa.

A asibiti muna zaune kan benci muna jira, Choolwe ya ce, "Ka ga, Yaya, ni yabona yake yi. Kai yake kira." Ya yi dariya, amma idonsa ya kawo ruwa. Ya ce shekara huɗun nan ba aiki ne kaɗai ya hana shi zuwa ba, duk zuwan da ya yi ji yake kamar baƙon da aka shimfiɗa wa tabarma. Na miƙa masa ruwa.

Ya koma Solwezi jiya. Ba zan yi miki ƙarya in ce zuciyata ta wanke ba. Ɗazu na ji Baba yana gaya wa fasto yadda injiniyansa ya gyara mota, na ji haushin ya sake taso mini. Sai dai yanzu in ya taso, fuskar Choolwe a bakin hanyar nan nake gani, da rigarsa a ɓace, an ture masa hannu.

Don Allah ki kira shi cikin makon nan, ki daɗe kuna hira. Ki ce masa ya zo Janairu mu kai Baba tare. Ni na ɗauki waya sau biyu na ajiye.

Mutinta ta fara yi mini magana, tana gaishe ki.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Milimo.